Tawayen Gonar Saman Bene

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe fartanya a gonar gaske ba. A goye aka shigo da ita ƙasar nan, a Jidda ta yi wayo, a unguwar Hindawiyya ta yi aure ta haife mu. Amma da za ka tambaye ta sana'arta, noma za ta ce maka, ko kunya babu. Gonar kuwa a saman benen da muke haya take, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya.

Ba ita kaɗai ba ce manomiya. Kusan duk mutanen benen nan Hausawa ne, wasu haifaffun nan irina, wasu daga Nijar da Chadi, kuma kowane gida yana da ɗan abinsa a sama. An yanke jarkoki da tsofaffin bokitai an cika su da ƙasa, an shuka yakuwa da rama da kuɓewa da barkono. Ruwan ban-ruwa na'urar sanyaya ɗaki ce take bayarwa: kowa ya tara bokiti a ƙarƙashin tasa, ta yi ta ɗiga har ya cika, a hau da shi. Maƙwabcinmu mutumin Nijar, wanda yake tuƙin mota, ya kafa akurkin tantabaru a kusurwa guda. Amma abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne bishiyar zogalen Inna, wadda take tsaye cikin rabin ganga. Mahaifina ne ya shuka ta da irin da wani alhaji ya kawo masa daga garin kakanninmu, bai daɗe ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Inna takan zauna a gindinta tana yi mata hira. In ka ce mata bishiya ba ta jin magana, sai ta ce kai ma ai ba ka ji, kuma ba a daina yi maka ba.

Maigidana, wanda nake kira Malam, tela ne a unguwar Bab Makka. Shi ne ɗan ƙauyen gaske, shi ya san kan huɗa da maimai, amma ko gwangwani ba shi da shi a saman benen, wai shi noma ya ishe shi tun yana yaro. Yana saurayi ya zo Jidda, ba uwa ba uba ba ɗan'uwa. Abu ɗaya ya taho da shi daga ƙauye bai yar a hanya ba: ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Tun farkon aurenmu yake shimfiɗa babbar tabarma a ƙofar bene bayan magariba, mazan gidan su fito, kowa da kwanon abincin gidansa, a haɗa a ci tare. Ciyayya ke nan, kamar yadda ake yi a garinsu. In na yi masa tsiya na ce ko sau ɗaya ya zauna ya ci da iyalinsa, sai ya ce mutanen nan su ne danginsa. Da wasa yake faɗa, amma na san ba wasa ba ne, domin ba shi da wasu.

Mai benen shi ne kafilin Malam, wato iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, da shagonsa duk a ƙarƙashin sunansa suke, mu kuma zamanmu a kan na Malam yake. Da tsufa ya kama dattijon, sai ɗansa ya karɓi al'amura. A shekarar aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda Jidda ba ta saba gani ba, rufin matakala ya jiƙe ya soma zubar da siminti a kan mutane. Aka kawo mai gyara ya duba, ya ce gonarmu ce. Ya matsar da gangar Inna kaɗan, sai ga saiwar zogale ta huda gindin gangar ta kutsa cikin tsagar rufin, ta kama gam.

Ɗan kafilin ya zo ya sami Malam a ƙofar gida, ya gaishe shi da ladabi, ya damƙa masa mabuɗin ƙofar sama.

"Ya ammi, kai ne amintaccen babana. A kwashe komai daga suɗuh, saman benen nan kaf, za mu zuba kwalta. Bishiyar nan ita ce farko. Halas?"

Malam ya ce, "Halas."

Gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, rufin yana zuba. Amma Malam ya shigo gida riƙe da mabuɗin nan da yatsu biyu, kamar an ba shi garwashi.

Mu 'yan Jidda abubuwa da yawa na gida sun zube mana a hanya, 'ya'yanmu ma Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Amma kunyar surukai tsakanin Malam da Inna tana nan kamar jiya aka ɗaura aure. Bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, bai taɓa kallon tsabar idonta ba. In suka haɗu a matakala sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ta wuce. In ya hango ta daga nesa kuwa, sai ya tuna ya yi mantuwa a shago. Ita kuma ba ta faɗin sunansa. Da yake ita a hawan ƙarshe take, mu muna na farko, sai ta laƙaba masa "mutumin ƙasa". To wannan bawan Allah aka ba aikin sare mata bishiya.

Wadda ta zuba wa wutar fetur kuwa autata ce, ba da nufi ba. A lokacin tana karatun tarihi a wata jami'a ta intanet, zangon nan kuma a kan farkon kafuwar Amurka suke. Yarinya ce da in ta karanta abu, sai kowa a gidan ya ji shi, ko yana so ko ba ya so. Wata rana muna ɗakin Inna muna tsintar shinkafa, ta ɗauko mana labari.

Ta ce a zamanin da Turawa suke sabon zama a ƙasar, manyan garuruwa da masu mulki suna bakin teku. Talaka in yana son gona sai ya nausa daji, ya tsallake duwatsu, ya sare itatuwa ya kafa bukka, wasu su biyo shi har a zama ƙauye. Hukuma tana can nesa, tafiyar kwanaki a kan doki. Sai a naɗa mutum ɗaya daga cikin mutanen yankin a ce shi ne ɗan doka. Shi zai kai sammaci, shi zai kama mai laifi, shi zai ƙwace gona ko shanun wanda ya kasa biyan haraji ya yi gwanjonsu. Ba shi da rundunar 'yan sanda. In aiki ya fi ƙarfinsa, doka ta ba shi ikon kiran kowane namiji mai lafiya ya ɗauko bindigarsa ya taya shi. Wahalar ita ce, ranar da manoma suka fusata suka ɗauki bindigogin farautarsu, mutanen da zai kira ɗin su ne masu tawayen.

Inna ta ajiye faifai. "In sun yi tawayen, me suke yi?"

Auta ta ce wa kakar tata, "Ya Sitti, sukan sare itatuwa su tare hanya don kada ɗan doka ya iso. Su kewaye kotu su hana alƙali zama. In an fito da gonar wani gwanjo, duk su taru su yi shiru, ba mai tayawa. Mai karɓar haraji kuwa in ya faɗa hannunsu, sai su shafe shi da kwalta, su barbaɗe shi da gashin tsuntsu, su zaga gari da shi."

"Kwalta da gashin tsuntsu?"

"Aiwa, ya Sitti."

Inna ta ɗaga kai ta dubi rufi. Da safiyar ranar nan aka hau da gangunan kwaltar ɗan kafili, aka jingine su daidai gefen akurkin tantabaru.

Ta ce, "Ikon Allah. Mu ma duk muna da su."

Na yi dariya har shinkafa ta zube. Da na san abin da zai biyo baya, da na toshe bakin yarinyar nan da tsumma.

Da yamma Auta ta maimaita wa ubanta labarin. Shi kuma duk tsawonsa abu ɗaya ya tsinta: ɗan doka yana da ikon kiran maza su taya shi. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai shi ke nan, in mazan bene suka haɗu suka hau tare, ba wanda za a nuna a ce shi ya yi. Daga ranar nan na fara ce masa ɗan doka. Ya ce in daina, ban daina ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, ya bi ƙofa ƙofa. Maƙwabcinmu mutumin Chadi ya ce bayansa ya riƙe tun jiya. Wani ya ce likita ya hana shi hawan matakala, alhali a hawa na uku yake kwana. Mai tantabaru ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Malam, pardon, yanzun nan zan kai wasu baƙi filin jirgi." Malam ya bi kowa da Allah ya sauwaƙe, ya ari zarto a wurin wani kafinta, ya hau shi kaɗai. Ni ma na bi bayansa, don ba na so a ba ni labari.

A ƙarshen matakala muka tarar an tare hanya. An jera turmi da tsohon firji da jarkokin ruwa, an bar 'yar kafa wadda mutum ɗaya zai iya bi. A bakin kafar Inna ce zaune a kan tabarma, taɓarya a gicciye bisa cinya. A bayanta matan bene ne, wannan da muciya, waccan da tsintsiya. A bayan matan kuma ga majinyatanmu sun warke sarai. Mai ciwon baya yana riƙe da sandar goge ƙasa, wanda ya tafi filin jirgi kuwa har ya dawo, da danƙon da yake harbin hankaki a hannunsa.

Ɗan doka ya ɓoye zarto a bayansa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan matakala, ya kafe ido a ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi. Yaya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Can Inna ta ce, "To, a gai da mutanen ƙasa."

Ya ce, "Za su ji." Ya ɗauki takalmansa, ya sauko da baya da baya, zarto yana leƙowa ta ƙasan rigarsa.

Haka aka yi ta yi. Kullum ya hau da niyyar yau sai ya faɗa, kullum ya gaishe ta ya sauko. Tun da aka haifi Inna ba a taɓa gaishe ta kamar a lokacin tawayen nan ba. Maganar gaske kuwa ta bakina take bi. Malam ya ce, "Ki ce wa Inna rufin zai iya faɗowa kan mutane." In hau. Inna ta ce, "Ki ce wa mutumin ƙasa, rufin ya girmi bishiyar, in ya faɗo tsufa ne." In sauko. Malam ya ce a gaya wa mutane kowa ya kwashi jarkar da yake so ya kai tagarsa, har ta maƙwabci in mai ita ba shi da wuri. Ba wanda ya taɓa ko ganye, duk suka yi tsit kamar masu gwanjon Auta. Gwiwoyina suka gaya mini, haushi kuma biyu nake ji, na sama da na ƙasa.

Ɗan kafili ya dawo ya ga ba a yi komai ba. Ina daga bayan ƙofa ina jin su.

"Ya ammi, esh hada, mene ne haka? Tsohuwa ɗaya ce fa. Ka ce mata lau samahti, don Allah ta ba ka hanya, ka wuce."

"Surukata ce."

"Ɗayyib! Ai ya fi sauƙi ke nan. 'Yar gida ce, ka yi mata magana."

Wayyo Malam. Ta ina zai fara yi wa yaron nan bayani? Na danne dariyata da mayafi.

Dariyar ba ta yi nisa ba, domin tabarmar ƙofar gida ta soma yin fili. Kwanon mai tantabaru ne ya fara ɓacewa, sai na mutumin Chadi, sai sauran. Ba wanda ya yi wa Malam baƙar magana. In sun haɗu a masallaci su gaisa da shi sama sama, su wuce. Ashe ciyayyar suka mayar saman bene, wai suna gadin gona. Bayan magariba muna jiyo dariyarsu tana gangarowa. Shi kuwa bai fasa ba. Ya shimfiɗa tabarmar nan duk faɗinta, ya ajiye butar wanke hannu, ya zauna a gefe ɗaya ya bar wa kowa wurinsa. In wani ya sauko zai wuce, ya ce masa bismilla, mutumin ya ce alhamdu lillahi ya ƙara sauri. Kwanon da na kai masa yadda ya fita haka yake dawowa, sai ɗan gurbin loma a gefe. Ya ce zafi ne ya hana shi ci. Shekara da shekaru yana cin tuwo a cikin zafin Jidda, sai yanzu zafin ya dame shi.

Wannan abu ya ƙona mini rai. Maza da gemunsu, sun ɓuya a bayan tsohuwa, sun bar mutumin da ya yi musu ɗinkin sallar 'ya'yansu, ya ɗauki gawar iyayensu, yana zaune shi kaɗai kamar baƙo a tasha. Na ce zan hau in wanke su tas. Ya hana ni, ya ce ba laifinsu ba ne, shi ma da yana da shuka a sama da yana cikinsu.

Sai ɗan kafili ya sake zuwa, wannan karon ba murmushi. Ya ce masu zuba kwalta za su zo ran Asabar. In sun tarar da suɗuh yadda yake, to sai a zauna a sake magana a kan komai. Bai ce iƙama ba, amma duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san abin da ke cikin komai.

Da la'asar ɗin ranar Alhamis Malam ya kira ni ɗaki. Ya ce ya gama shawara, gobe da safe zai mayar da mabuɗin.

"Ba zan sa hannu a bishiyar da mahaifinki ya shuka ba. In ya ce in nemi wani kafilin, sai in nema. In ban samu ba, ƙauyenmu yana nan."

"Wane ƙauye, Malam? Wa ya san ka a can yanzu?"

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ni da 'ya'yana ba mu san wata ƙasa ba sai wannan. Shi kuma na san ba don bishiya kaɗai yake yi ba. Ya gwammace a kore shi daga Jidda da ya zauna cikinta ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Ana idar da magariba na hau sama, ko sallama ban yi wa mayaƙan ba. Suna can gefe sun kewaye kwanukansu. Inna tana tsaye jikin katangar rufi ita da Auta, ta leƙa tana kallon ƙasa. Na matso na leƙa ni ma. Daga nan ana ganin ƙofar gida sarai: ga faffaɗar tabarma, ga buta, ga mutum ɗaya a gefe da kwano a rufe a gabansa.

Ba ta juyo ba ta ce wa Auta, "Ke, ɗan dokar nan na littafinki, in an gama rigimar, ina yake tafiya?"

"Ba inda yake tafiya, ya Sitti. Gidansa yana nan a cikinsu, gonarsa tana jikin tasu. Wani in zaman ya gagara sai ya tattara ya ƙara nausawa daji."

"Kafin ya tattara ɗin, wa yake cin abinci da shi?"

"Littafin bai faɗa ba."

"Littafin banza."

Nan na fashe. Na gaya mata maganar mabuɗi da maganar Asabar da maganar ƙauye. Na ce in saboda zogale za a raba ni da mijina ko da garin haihuwata, to ta faɗa mini in sani. Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta bari sai da na gama.

"Sauka ki ba mijinki abinci."

"Ba ya ci, Inna!"

"Na gani. Ina da ido."

Da safe Malam ya sa farar jallabiyarsa, ya jefa mabuɗi a aljihu, yana kurɓar shayi kafin ya fita. Sai ga Auta ta shigo a guje.

"Ummi, ta'ali! Yalla, zo ki ga Sitti!"

Na hau ina haki. An ture turmi da firji gefe. Inna ta ci ɗamara da ɗankwali, ta ɗauko tsohuwar addar mahaifina, tana sara gindin zogalen. Mutanen bene sun tsaya cirko cirko. Mai tantabaru yana cewa, "Hajiya, don Allah kawo in taya ki." Ta ce wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba. Icen zogale ba shi da tauri, amma hannun tsohuwa ne. Ta sara ta huta, ta sara ta huta, tana wata magana ƙasa ƙasa wadda ba da mu take ba. Ban iya tsayar da hawayena ba. Can bishiyar ta karkata, ta kwanta a kan igiyar shanya a hankali.

Inna ta zauna a bakin gangar tana mayar da numfashi. Ta dube ni.

"Ki ce wa mutumin ƙasa, ba a ci mu da yaƙi ba. Ni na sare abata. Kuma ya bar mabuɗin mutane a aljihunsa."

Sannan ta juya kan rundunarta. "Ku kuma mayaƙan banza, kowa ya kwashi jarkokinsa ya sauka da su. Mai ciwon baya ya ɗauki biyu biyu."

Auta tana share ido ta ce, "A littafina ba wanda ya yi haka."

Inna ta ce, "A littafinki ɗan dokar ba surukin kowa ba ne."

Da na sauka na gaya wa Malam, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can ya miƙe ya hau. Na bi shi. Yanzu hanya a buɗe take, amma a inda ya saba tsayawa ya tsaya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Inna tana zaune cikin rassa tana tsige ganye a faifai. Na ce a raina yau dai zai yi magana.

Ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ta ce, "Yauwa. A gai da mutanen ƙasa."

Yinin ranar nan ba ta bar kowa ya taya ta ba. Ta tsige ganyen kaf, ta dafa, ta aika aka sayo mata ƙuli-ƙuli, ta daka da kanta. Jarkokin yakuwa da barkono suka watsu a tagogi da lunguna, tantabaru suka koma gidan wani abokin mai su a unguwar Ruwais.

Bayan magariba Malam ya shimfiɗa tabarmarsa kamar kullum, ya ajiye buta, ya zauna a gefensa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon tuwo. Sai na ji takun mutane a matakala. Suka fito a jere, kowa da kwanon gidansa, kowa kansa a ƙasa kamar 'yan makarantar da aka kama sun gudu. Mai tantabaru ne a gaba, da babbar tasa a hannu biyu. Ya ajiye ta a tsakiyar tabarma, ya ce, "Hajiya ta ce a kawo nan." Ba wanda ya ba wani haƙuri. Kowa ya nemi wurinsa na da ya zauna, mutumin Chadi ya zuba wa Malam ruwa ya wanke hannu.

Aka buɗe tasar. Kwaɗon zogale ne cike fal, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa. Malam ya san tasar, a cikinta aka kai masa abincin farko bayan ɗaurin aurenmu. Kowa ya yi bismilla ya tsaya, suna jira ya fara. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya, ya ɗan ɗaga kai sama.

Na bi idonsa. Can a kan katangar rufi ga farin mayafin Inna, ta leƙo tana kallo. Hannunsa yana rataye a kan tasar, ba dama ya ci tana gani.

Sai ta janye kanta daga katangar, ta koma ciki.

Malam ya ɗebi loma ya kai baki.